Tuluna Huɗu a Zauren Malam Wada

Ranar da motar ma'aikatan gandun daji ta sake shigowa Kwarin Ɗinya, Saude tana bakin tafkin yamma, goye da ɗanta Imran, tana ture kumfa da bayan ƙwarya don ta samu inda za ta ɗebi ruwa. Shanu uku suna tsaye a cikin tafkin har gwiwa, suna kallonta kamar ita ce ta shigo musu gida. Watan Maris ne, kuma kamar bara, kamar bara waccan, idon ruwan da ke kurmin bayan gari ya ƙafe tun kafin zafi ya kankama.

Kwarin Ɗinya ƙaramin ƙauye ne tsakanin Burumburum da bakin dajin Falgore. Dazuzzuka uku ne suka kewaye shi. Akwai Dajin Titi, wanda ya bi gefen hanyar Doguwa, inda kwazazzabo yake cin gonakin mutane duk damina. Akwai Dajin Burtali, inda Fulanin rugar Ardo Bature suke bi da shanunsu. Sai Kurmin Ido, ƙaraminsu duka, inda ruwa yake ɓuɓɓugowa daga ƙarƙashin wani falalen dutse. Tsofaffi sun ce a da, ko a tsakiyar bazara, sai mace ta cika tulunta kafin ta gama gaisawa da wadda ta tarar. Amma masu gawayi sun bi kirya da marke da maɗacin da suka yi masa inuwa sun kwantar, shanu suka tattake bakinsa. Yanzu da an ci rabin rani sai ya koma ɗan damshi a jikin dutse.

Bara war haka ruwan tafkin nan ya kusa raba Saude da 'yarta ta fari. Bushra, shekararta uku a lokacin, ta yi kwana biyu tana amai da gudawa har idanunta suka faɗa. Kakanta, Malam Wada mai unguwa, shi ya ɗaure ta a ƙirjinsa da rawaninsa, ya hau bayan babur zuwa asibiti a Tudun Wada. Sai da aka ƙara mata ruwa leda biyar. Saude kuwa tana gida tana daka. To me za ta yi? 'Yar fari ce. A gidan surukai uwa ba ta kiran sunan 'yar fari, ba ta ɗaukarta a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da ita. Tun da aka yaye Bushra a ɗakin kakarta, Inna Maimuna, take kwana. Saude sai dai ta ce "yarinyar nan", shi ke nan. Ran nan ta daka geron da ya isa gidan kwana uku, don dai kada hannunta ya zauna, kada kuma wani ya leƙa fuskarta.

Tun daga ranar take tafasa wa yarinyar ruwa, ta tace da farin ƙyalle, ta zuba a 'yar jarka ta ajiye bayan ƙofar kakar ba tare da ta ce wa kowa komai ba. Amma yaro idan ƙishi ya kama shi ba ya tsayawa tambayar wanne ne nasa, randar da ya tarar ita yake kai wa moɗa. Saboda haka tun da zafin bana ya fara, zuciyar Saude a tsaye take.

Da ta dawo gida ta sauke ruwan, sai ta tarar har an shimfiɗa tabarmi a gindin tsamiyar ƙofar gida. Inna Maimuna ta ce, "Yi maza ki sauya zani. Baƙuwar ta ce ba za ta fara ba sai mata sun fito."

Baƙuwar ita ce Malama Fa'iza, ma'aikaciyar gandun daji, 'yar Kiru, doguwa siririya, wadda ba za ta girmi Saude da shekara shida ba. Sati biyu ta yi tana zuwa ƙauyen. Da ƙafa ta taka dazuzzukan uku, sanye da takalmin roba a ƙarƙashin doguwar rigarta, tana auna kaurin bishiyoyi da igiyar awo, tana ƙirga kututture, tana sauka har cikin kwazazzabo inda maza ma suke tsayawa daga sama. Saude ta taɓa hangenta a Kurmin Ido, durƙushe, ta ɗora tafin hannunta a kan dutsen kamar mai taɓa goshin yaro don ta ji ko da zazzaɓi. Tun daga nan ta ji matar ta kwanta mata a rai.

Maza suka zauna a gaba, Fulani a gefe, mata a baya jikin katanga. Mutum arba'in cif. Bayan addu'a, Malama Fa'iza ta gaida mai unguwa da Ardo, ta gaida iyaye mata, sannan ta faɗi abin da ya kawo ta. Ofishinsu yana da dashe da wayar shinge, amma na daji ɗaya tak a bana. Wanda aka zaɓa za a kewaye shi, a dasa masa bishiyoyi, a rufe shi shekara uku, ba sara ba kiwo. Sauran biyun sai sun jira.

Ta rataye wata babbar taswira a jikin motar, ta ce hoto ne da tauraron ɗan'adam ya ɗauka daga sama. Inda aka yi ja, nan ne bishiyoyi suka fi ƙarewa. Dajin Titi ya yi jawur kamar an watsa masa manja. Ta ɗan jima tana bayanin kwazazzabon nan, yadda ta auna shi, da yadda yake faɗaɗa. Malam Wada yana zaune a kan buzunsa, Bushra a cinyarsa tana wasa da carbinsa, yana gyaɗa kai.

Sai ta fito da wata farar takarda mai layi-layi. Ta ce buƙatu huɗu ta ji mutane suna ambata a yawonta: ruwan sha, abincin dabbobi, itacen girki, da tsare ƙasa daga zaizaya. Kowane daji ta ba shi maki daga ɗaya zuwa biyar a kan kowace buƙata, gwargwadon abin da ta auna. Kurmin Ido ya ci biyar a ruwa, Dajin Burtali biyar a kiwo, Dajin Titi biyar a zaizaya, sauran makin kuma kowa da rabonsa.

"Wannan shi ne aikina, na gama," in ji ta. "Saura naku. Kwamfutata ta san bishiya nawa aka sare, amma ba ta taɓa jin ƙishi ba, ba ta da saniya, ba ta da gona. Ba za ta iya gaya mini wace buƙata ce ta fi wata nauyi a garin nan ba. Ku ne za ku auna wannan."

Aka jera ƙorai huɗu a tsakiyar fili. Gaban ta farko aka ajiye moɗa, ta biyu damin harawa, ta uku guntun itace, ta huɗu dunƙulen ƙasa. Kowa aka ƙirga masa ƙwaya goma: maza wake, mata masara, Fulani gyaɗa. Mutum ya raba ƙwayoyinsa yadda buƙatun suka dame shi, wadda ta fi damunsa ya fi zuba mata.

Murna ta kama Saude. Ashe akwai hanyar da za ta yi magana ba tare da ta buɗe baki ba. Ta damƙe masararta.

Babba shi ke fara komai, don haka Malam Wada ya sauke Bushra ya miƙe. Ya dubi taswirar, ya dubi baƙuwar, ya taka zuwa ƙwaryar ƙasa ya juye wakensa goma gaba ɗaya. Ya koma ya zauna, taku biyu daga ƙoran.

Limamin gari ya tashi ya juye nasa a can. Na bayansa ma haka. Hafizu, mijin Saude, ya juye nasa a can, shi kam ba abin mamaki ba ne, domin kwazazzabon ya riga ya cinye masa taku goma sha biyu na gonarsa. Ardo Bature ya tsaya jim a gaban harawa, ya jefa mata gyaɗa biyu kamar mai ba da haƙuri, ya kai takwas inda mai unguwa ya kai. Mutanensa suka bi sahunsa. Da aka zo kan mata, Inna Maimuna ba ta ko kalli sauran ƙoran ba.

Aka zo kan Saude. Ta gyara goyo ta taka a hankali, kanta a ƙasa. Ƙwaryar ruwa tana nan fayau, ko ƙwaya biyar babu a ciki. Hannunta ya fara karkata can. Sai ta ji idon surukinta, ta ji na surukarta, ta ji na matan da duk sun san abin da ya faru bara. Idan ta zuba a nan, ai ta tsaya a tsakiyar gari ke nan ta ce Baba bai iya zaɓe ba, ta kuma shelanta cewa 'yar fari take wa. Bushra ta ɗago kai daga carbin ta yi mata murmushi. Saude ta kau da fuska, ta buɗe hannu a kan ƙwaryar ƙasa.

Sai da ta koma jikin katanga ta ga ƙwaya ɗaya ta maƙale a gumin tafinta.

Malama Fa'iza ta tsaya a kan ƙoran, ta jima tana kallo. Ƙwaryar ƙasa ta cika har tana zuba. Da wani ma'aikacin ne, da sai ya ƙirga ya rubuta ya hau mota, domin ga amsa ta fito sarai, babu gardama. Ita kuwa sai ta juya wajen wata tsohuwar Bafulatana mai tallan nono, Kulu, wadda duk garin ya san bakinta ba ya riƙe magana.

"Inna Kulu, ashe ke ma zaizayar ƙasa ce ta hana ki barci?"

"Wace ce kuma zaizaya?" in ji Kulu. "Ni ko gonar da kaza za ta yi tono ba ni da ita. Na ga inda Ardo ya zuba ne na zuba."

Dariya ta ɓarke. Ardo Bature ya ja rawaninsa ya rufe baki. Malama Fa'iza ta yi murmushi kawai, ta dubi rana ta ce, "Azahar ta yi. A bar ƙoran nan yadda suke, mu yi sallah tukuna."

Ɗakin Saude aka kai ta. Saude ta kawo mata buta ta koma gefe ta tsuguna. Malama Fa'iza ta tsiyaya ruwan a tafinta, ta tsaya tana kallonsa. Jajaja ne, da ɗan wari-warin shanu.

"Wannan na alwala ne kawai, ko?"

"Shi muke sha, Malama."

Da ta idar da sallah, Saude ta matso ta miƙa mata ƙwayar masarar. "Ga taki. Maƙalewa ta yi a hannuna, ba ɓoyewa na yi ba."

Malama Fa'iza ta karɓa ta juya ta a yatsunta. "Maman Imran, da an bar ta, ina take son zuwa?"

Saude ta leƙa ƙofa, ta ga ba kowa. "Gaban moɗa."

"Ita kaɗai?"

"Da 'yan'uwanta."

"To me ya hana su?"

"Baba yana zaune." Sai maganar ta ƙwace mata. "Yarinyar nan da kika gani a cinyarsa, bara saura kaɗan. Ruwan nan ne. Ni ba ni da bakin faɗa, kin sani. Amma wallahi Malama duk ranar da na ga ta nufi randa sai in tuna bara."

Malama Fa'iza ta jingina da bango. "Nawa na farin yana Kiru wajen kakarsa. Shekararsa bakwai. Har yau in tana kusa 'yaron nan' nake ce masa, duk da karatun da na yi." Ta yi ajiyar zuciya. "Laifina ne. A takarda aka koya mana wannan aikin, kuma mutanen da ke cikin takarda ba su da surukai. Ke da kika san gidan nan, yaya za a yi?"

Ba a taɓa tambayar Saude yadda za a yi wani abu na gari ba. Amma amsar tana nan a kusa, irin ta mai aikin gida.

"Ƙwarya bakinta a buɗe yake, kowa yana ganin abin da ke ciki. A sa tuluna. A kai su zaure. Zauren Baba ƙofa biyu gare shi, mutum ya shiga ta waje shi kaɗai, ya fita ta cikin gida. Kuma kada Baba ya fara."

"Wa zai fara?"

"Duk wanda ya fi kusa da ƙofa."

Malama Fa'iza ta kama hannunta ta mayar mata da ƙwayar masarar a tafi, ta naɗe mata yatsu a kai. "Riƙe. Tara zan ƙaro miki."

Abin da ya ƙara wa Saude ganin girman matar nan shi ne yadda ta fito da maganar. Ba ta ce an yi kuskure ba, ba ta ce mutane sun bi mai unguwa ido rufe ba. Zuwa ta yi gaban Malam Wada ta durƙusa har ƙasa, a gaban kowa, ta ce, "Baba, a gafarce ni. Na yi aikina a birkice. Na rataye taswira kafin in tambaye ku, na kuma cika ku da surutu a kan daji ɗaya. Ina roƙon a ba ni aron zaure da tuluna huɗu in sake." Sannan ta tashi da kanta ta sauke taswirar ta naɗe ta jefa cikin mota.

Malam Wada ya shafa gemunsa. "Aikinki ne, 'yata. Zaure naki ne."

Aka fito da tuluna huɗu busassu, aka jera a zaure, kowanne da alamarsa a gaba. Wani ya jefa wake ɗaya don gwaji, tulun ya amsa da ƙara har waje.

"Kayya!" in ji Kulu. "Wannan ai ko kurma ya ƙirga. Ku sa tsumma a gindinsu, in ba haka ba Ardo zai zauna a bakin ƙofa yana lissafa mini gyaɗata."

"Ke dai Allah ya shirye ki," in ji Ardo, mutane suna dariya. Aka cusa tsummoki.

Aka fara shiga ɗaya bayan ɗaya, ba babba ba yaro, wanda ya fi kusa da ƙofa. Wasu suna shiga suke fita. Wasu sai an yi musu gyaran murya. Liman ya daɗe har Kulu ta tambaya ko nafila ya tsaya yi.

Da Saude ta shiga, zauren ya yi mata sanyi da shiru. Imran yana barci a bayanta. Ba ido ko ɗaya. Ta buɗe hannu ta dubi masararta goma, sai ta ga ashe abin bai zo da sauƙin da ta zata ba. Ga dunƙulen ƙasa yana kallonta, kuma gonar da kwazazzabo yake ci ita ce tuwonsu, ita ce tuwon yarinyar ma. Ga guntun itace. Idan aka rufe Kurmin Ido shekara uku, ita ce za ta riƙa tafiya har Dajin Burtali neman abin hura wuta, da goyo a baya. Ta san da wannan sarai.

Ta jefa biyu a tulun ƙasa, saboda gonar. Ta jefa ɗaya a na itace. Sauran bakwai ta tsuguna ta sa hannunta har cikin wuyan tulun ruwa, ta sake su a hankali, tana bismillah. Ta fita ta ƙofar cikin gida kamar wadda ta sauke dami.

Da la'asar aka fito da tulunan gindin tsamiya, aka juye kowanne a faifai. Inna Maimuna da Kulu suka zauna ƙirga, goma-goma, suna musu a kan wadda ta fi wata ido. Na itace arba'in. Na harawa tamanin. Na ƙasa casa'in. Da aka juye tulun ruwa sai da aka ƙaro faifai na biyu. Ɗari da casa'in, kusan rabin ƙwayoyin garin duka.

Malama Fa'iza ta ɗauki alƙalami ta koma kan farar takardarta. A gaban kowa ta yi lissafin, da ƙarfi, tana ninka makin kowane daji da ƙwayoyin kowace buƙata, tana tarawa. Ta buɗe kwamfutarta ta shigar da adadin, ta juya fuskar ga liman ya karanta. Amsa ɗaya ce. Kurmin Ido na farko, Dajin Titi na biyu, Dajin Burtali na uku.

Mujitaba, wanda yake sayar da itace a bakin hanya, ya miƙe tsaye. "Malama, gaskiya wannan taron dangi mata suka yi mana. Da safe kowa ya ga abin da gari ya zaɓa."

"Tambayarka a kan hanya take, Malam Mujitaba," in ji ta. "Zo ka kwashe talatin daga na ruwa ka kai na ƙasa, mu gani ko zai sauya."

Ya zo ya kwashe, har da ƙarin biyu da Kulu ta kama shi ta sa ya mayar. Aka sake lissafi. Tazarar ta ragu, amma Kurmin Ido yana nan a gaba.

"Yanzu mayar da su, ka ware mini waken da ke cikin na ruwa."

Ya tsuguna yana tsincewa. Tun yana yi da sauri har ya rage. Wake saba'in. Gyaɗa ashirin da biyar.

"Masara ba ta rikiɗa ta zama wake a cikin tulu," in ji Malama Fa'iza, a hankali, ba da gatse ba.

Sai Malam Wada ya yi gyaran murya. "Goma daga ciki nawa ne."

Kowa ya juyo.

"To Baba, da safe fa?" in ji Mujitaba.

"Da safe yarinya ta taso tun daga birni, ta yi sati biyu tana shiga mana ƙaya, ta rataye mana hoto ta shafa wa daji ɗaya ja. Na ce to, wannan gwamnati take so. Ina mai masauki, sai in tashi in kunyata ta a ƙofar gidana? Na zuba inda na ga ranta yake. Ban san duk garin zai biyo ni kamar tumaki ba."

"Mu ma ai mun ɗauka kai ka san wani abu ne," in ji liman.

"Ni kuma na ga ku ne masu gari," in ji Ardo.

"Ni kuma na ga Ardo," in ji Kulu. "Da ya faɗa rijiya da yanzu duk muna ciki."

Dariyar da aka yi har Imran ya farka. Malam Wada bai yi dariya ba. Ya jawo Bushra ya ɗora ta a cinya, ya dafa kanta.

"Amaryar nan tawa, ni na ɗauke ta a ƙirjina zuwa Tudun Wada. Har muka wuce Burumburum ban ji motsinta ba. Kuna tsammani na manta? Akwai waɗanda abin ya fi ni ci a gidan nan, amma ba su da bakin faɗa." Bai dubi wajen katanga ba, kuma Saude ta gode masa da bai duba ba. Ta sunkuya kamar mai gyara goyo, ta goge idonta da bakin zani.

Ardo Bature ya tambayi inda shanu za su sha idan an kewaye idon. Malama Fa'iza ta ce za a jawo ruwan da bututu zuwa wajen shinge, a yi wa mutane wurin ɗiba a sama, a gina wa dabbobi kwamin shan ruwa a ƙasa. Ta rubuta a takarda, aka karanta, mai unguwa da Ardo suka dangwala. Mujitaba ma ya dangwala, yana gunaguni.

Kafin magariba Saude tana tankaɗe a tsakar gida, Hafizu ya zo wucewa ya tsaya kamar mai neman wani abu a rataye.

"Shida na sa a na ruwa," ya ce, bai kalle ta ba.

"Gonar fa?"

"Buhunan ƙasa zan jera mata bana. Ta jira shekara ɗaya." Ya ɗauki fartanyar da ba ya buƙata ya fita.

A watan Yuli, bayan ruwa ya zauna, motar ta dawo cike da dashe a cikin baƙaƙen ledoji: maɗaci, kirya, ɗorawa, ɗinya. An riga an ja waya an kewaye kurmin. Malama Fa'iza ta tara mutane a bakin dutsen ta gaya musu gaskiya, kada wani ya sa ran idon zai kai ƙarshen bazara baɗi. Hana shanu tattake shi zai taimaka da wuri, amma bishiya sai ta yi saiwa. A ci gaba da tafasa ruwan yara. Saude ta ji daɗin wannan ma, domin ba ta yarda da mai alƙawarin da ya yi zaƙi da yawa ba.

Maza suna haƙa, mata suna dasawa. Malam Wada ya zaɓo wani maɗaci mai ganye shida, ya zo da shi har inda Saude take durƙushe, Bushra tana riƙe da hannunsa.

"Ungo. Ramin da ke jikin dutsen nan naki ne. Malama ta ce tulunan dabararki ce." Ya saki hannun yarinyar. "Amarya, je ki taya ta, ni gwiwata ta gaji."

Ya juya ya tafi abinsa. Saude ta yage ledar, ta sa dashen a rami. Yana ta karkata, ƙasar ta jiƙe da yawa, kuma hannu biyu ba za su isa a riƙe a kuma tura ƙasa ba. Inna Maimuna tana nan kusa, taku uku, tana dasa ɗorawa.

"Bushra," in ji Saude. Sunan ya fito mata da ƙyar, kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba. "Riƙe mini nan. A hankali, kada ki karya."

Inna Maimuna ta yi tari, ta juya musu baya, ta shiga yi wa Kulu faɗa a kan ta dasa nata a karkace. Bushra ta kama siririn itacen da hannu biyu, ta turo harshe waje don ƙoƙari, ta riƙe shi tsaye har uwarta ta gama danne ƙasar.